Famfo Mai Mayen Ƙarfe da Ranar da Na Kira Sunan Yayana

'Yar'uwarku Hadiza ce ta sa na ɗauki biro. Ta dawo daga biki a Argungu idanunta jajir, wai 'ya'yan Baffanku Garba sun gaya mata a gaban mutane cewa ubanta ne ya raba ubansu da aiki. Na daɗe ina jin wannan magana a gutsure, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata, ina yin shiru don kada a ce ƙane yana tona asirin wansa. To shirun ya ishe ni. Ku zauna ku karanta, ku da 'ya'yanku, in kun gama kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Da farko ku sani, duk abin da na iya da sifana Yaya Garba ne ya koya mini. Ya girme ni da shekara bakwai, kuma tun mahaifinmu yana da rai shi ke riƙe da rumfar gyaran injin ban ruwa a bakin fadama. Manoman shinkafa da na albasa ba sa kiransa da suna, Mai Inji suke cewa. Yana zaune a rumfa zai ji ƙarar inji daga gona ta uku ya gaya maka abin da ke damunsa, ka je ka tarar haka ne. In inji ya ƙi jan ruwa, dabarunsa ba su da yawa kuma ba sa ba shi kunya. Ya kwance murfin sama ya ɗura ruwa da buta, ya bar injin yana kuka har ya yi tari ya kama. In ruwa ya ragu, ya ciro tiyo ya fizge rariyar da ke bakinsa, wadda ciyawa ta toshe, ya jefar gefe. Ba zan ce ya yi kuskure ba, domin a fadama hakan daidai ne, ruwan kogi ba ya ƙona mutum.

Ni kuwa rabo ya kawo ni Birnin Kebbi. Na kama ɗaki a Gwadangaji, na auri mahaifiyarku Saratu, na sami aiki a wata ƙaramar masana'anta ta Alhaji Rasaki, Bayarabe ne da ya yi shekaru a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Wayar shinge muke yi da bokitai da ƙarafan ƙofa. Ƙarfe yana zuwa mana da tsatsa, kuma ba ya karɓar tutiya, farin ƙarfen da ake lulluɓe shi da ita don hana tsatsa, sai an wanke shi tas. Wankin nan ba da ruwa ake yi ba, da asid ake yi, a cikin wasu dogayen kwatamai, sannan a ɗauraye a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya ya fito yana ƙyalli. Aikina shi ne famfon da ke jan asid daga tanki yana zagayawa da shi cikin kwataman. Tsohon famfonmu irin wanda kowa ya sani ne, sandar mota, wato injin lantarkin da ke juya shi, ta huda jikinsa ta shiga ta riƙe farfela, an toshe wurin hudar da wani zobe da ake kira sil. To asid ba ya ga maciji da sil. Yau ka sa sabo, kafin wata ya zagayo ya fara ɗiga, ɗigon ya ci siminti, ya ci ƙafar famfon, ya ci takalmi. Tururinsa kuwa in ya shiga maƙogwaro sai ka yini kana tari. Saratu takan ɗaga wandona a rana ta leƙo ni ta cikin hujojin.

"Malam, wanga wando na ko rariyar tuwo? In aikin ga bai cinye ka ba, ai ya cinye mu da ɗinki."

Shi ya sa ranar da Alhaji ya kawo sabon famfo na ji kamar an yi mini bushara. Wanda ya zo haɗa shi ya buɗe ya nuna mini cikinsa. Babu sandar da ta huda jiki, saboda haka babu sil, babu inda asid zai bi ya fito. Farfelar tana can ciki a rufe ruf cikin wani kofi na roba mai tauri, da mayen ƙarfe a jikinta. A waje kuma akwai wani mayen ƙarfen da mota ke juyawa. In na waje ya juya, sai ya ja na ciki ta bayan bango, ba tare da sun taɓa juna ba. Amma mutumin ya ja mini kunne sosai. Asid ɗin da ke wucewa shi ne yake sanyaya cikin famfon, in aka bar shi yana gudu babu ruwa a ciki, ko na 'yan mintoci ne, zai yi zafi ya lalace. Kuma rariyar da ke gabansa ba ado ba ce, ɓarɓashin ƙarfen da asid ke ɓamɓarowa take tarewa, in ya wuce zai manne wa mayen ƙarfen ya cushe farfelar. Buɗe shi kuwa, ko da wasa, sai an kashe mota, an rufe bawul, wato makullin bututu, na gaba da na baya, an zuƙe abin da ke ciki. Na rubuta wannan da fenti a bango, da Hausa, da manyan baƙaƙe. Wata huɗu muka yi ƙasan famfon nan a bushe, har Saratu ta daina yi mini tsiya.

A daminar shekarar ne kogin Rima ya cika ya batse, ya tafi da shinkafar Yaya da rumfarsa da injinan mutane da ke ciki. Inna ta aiko a kira ni. Ku tuna Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, Babba take ce masa, ko ta ce wancan.

"Ga Babba nan zaune ba shi da abin yi. Kai kuwa an ce inji kaka gyara can Birni. To wa ya hi shi sanin inji? Ka tahi da shi."

"Inna, injin namu ba irin na hwadama ba na."

"Inji dai ba inji na ba? Ko ƙaho gare shi?"

Da na sani da na tsaya a kan maganata tun a ranar. Amma wa zai dubi uwarsa ya ce wansa bai iya ba? Na je na roƙi Alhaji, ya ce ai ɗan'uwan Sani nasa ne, aka ɗauki Yaya aka sa shi a ɓangarena. Nan matsalar ta fara, don a takarda ni ne shugabansa, a gida kuwa ni ne mai ɗauko masa buta. Ban iya ce masa yi kaza ba. Sai dai in kewaya in ce, Yaya, ko kana ganin in an rufe bawul ɗin can zai fi? Shi kuma ya dube ni irin kallon da yake yi mini ina ɗan shekara goma. Ranar farko na kai shi gaban famfon na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara yana sakace haƙori, ya duƙa ya shafa ƙasan, ya duba yatsunsa.

"Wanga hwamho ba ya ɗiga?"

"Ba ya ɗiga, Yaya. Amfaninsa ke nan."

"To ƙaƙa za ka san shina da rai? Inji in bai yi zuhwa ba ai ƙarya yaka yi ma. Kuma wai babu abin da ya riƙe hwarhwela sai maye. Sani, an sayar muku da tatsuniya."

Ma'aikata suka yi dariya, ni ma na yi, don ba ni da zaɓi. Gaskiya kuma sun so shi. Ya gyara musu janareto da ya gagari kowa, ya gyara babur ɗin mai gadi, da azahar yana ba su labarin kamun kifi suna riƙe ciki. Rubutun bango kuwa ya ce na malaman makaranta ne.

Ba a yi sati uku ba na shigo da safe na ga rariyar famfo rataye a ƙusa. Na tambaya, Yaya ya ce ruwa ne ya ragu, ya duba ya ga ta toshe, ya cire ta, ga shi nan ruwa yana gudu kamar da bakin ƙwarya. Na kashe mota na rufe bawul na wanke na buɗe. Mayen ƙarfen ya yi gashi baƙi ƙirin da ɓarɓashi, har ya fara kankare kofin roba. Na yini ina tsincewa da safar hannu, hanci a ɗaure, shi yana tsaye a kaina yana cewa ka gani, da ƙarfe ne da bai kankaru ba. Na haɗiye. Na ce masa cikin ladabi rariya in ta toshe wanke ta ake yi a mayar. Ya ce ya ji. Ban gaya wa Alhaji ba.

Karo na biyu tanki ne ya yi ƙasa, famfo ya shaƙi iska. Duk wanda ya karanta bangon nan ya san kashewa ake yi nan take. Yaya ya ce a bar shi ya ja, zai kama. Ya tsaya yana sauraron ƙararsa yana jiran tarin da injin fadama ke yi, har warin roba ya cika wurin. Cikin famfon ya narke ya karkace, aiki ya tsaya kwana tara kafin kayan gyara su iso daga Legas. Alhaji ya kira ni ofis.

"Sani, kai da kar rubuta doka da hannunka, kai za ka karya ta? Gaya mani gaskiya, wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Alhaji. Mantuwa ta."

Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani. Na fito raina a ɓace, ba don faɗan ba, sai don na tarar da Yaya yana gaya wa ma'aikata cewa dama ya faɗa, injin roba ba ya ƙarko. Ranar Juma'a na hau mota na tafi Argungu na zayyana wa Inna komai, ina fatan ta ja masa kunne tunda ni ba ni da baki. Ta saurare ni tana gyaran zogale, ba ta ko ɗago ba.

"Shi yak koya ma riƙon sihwana. Yau kai ka ganin kuskure nai? Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Ka yi haƙuri da ɗan'uwanka, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas."

Na dawo da karin magana biyu a aljihu, babu wanda zai hana asid zuba a cikinsu. Saratu ta ce in nemi a mayar da shi wani ɓangare tun kafin a yi abin da ba a so. Na ce mata ba ta san Yaya ba. Ta ce ta san shi sarai, ni ne dai nake tsoronsa. Na yi mata tsawa, don ta faɗi gaskiya.

Ranar da abin ya faru Talata ce, da hantsi. Na je sito karɓo safar hannu, ina dawowa tun daga ƙofa na ji ƙarar mota ta canja, tana gudu sakayau ba nauyi. Rariya ce ta sake toshewa, famfo ya rasa ruwa, cikinsa ya ɗauki zafi. Da na shigo sai na hango Yaya a durƙushe a gabansa. Mota tana gudu, bawul duka biyu a buɗe, bututun da ya hau sama cike da asid. Ga buta a gefensa cike da ruwa. Ya sa sifana a kan toshiyar saman famfon yana kwancewa, zai ɗura masa ruwa kamar yadda ya yi wa injin fadama sau dubu. Babu tabarau na kariya a idonsa, ya tura shi bisa hula don wai yana hana shi gani. Fuskarsa tana daidai kan toshiyar, yana leƙe. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ni a lokacin ba karin magana ce ta zo mini ba. Tsakanina da shi taku goma ne, kuma na ga sifanar ta riga ta yi sauƙi a hannunsa. Babu lokacin cewa Yaya, ko kana ganin.

"Garba! Kai Garba, tashi nan!"

Ban san na iya irin wannan ihun ba. Ya waigo, ba don ya ji haɗari ba, sai don mamakin wanda ya kira shi haka. Na iso na sa hannu biyu na hankaɗe shi, ya faɗi da baya cikin kwatar ruwan ɗauraya, hularsa ta yi gefe. Toshiyar ta ƙwace. Asid mai zafi ya yi tsiri ya wuce ta inda fuskarsa take, ya bugi bango, ya zubo mini a hannun hagu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Wani ya kashe wuta, wani ya rufe bawul. Aka ja ni bakin famfon ruwa aka yage mini riga aka sakar mini ruwa, aka daɗe ana zubawa kafin a sa ni a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Tabon da kuke tambayata kuna yara ina ce muku ƙunar aiki ce, to shi ne wannan. Ina tsaye ruwa yana zuba a hannuna, na juya ina neman Yaya in ga ko ya sami rauni. Yana tsaye jiƙe sharkaf, ko ɗigo bai taɓa shi ba, ma'aikata fiye da goma suna kallonsa. Bai dubi bangon da ke hayaƙi ba, bai dubi hannuna ba. Ni yake kallo.

"Ni kak kira Garba? Ni kat tura ƙasa gaban mutane?"

Wallahi da ina da sauran ƙarfi da na yi kuka don takaici. Mutum ya tsallake makanta da faɗin tafin hannu, abin da ya dame shi suna ne.

Washegari da hannu a naɗe na shiga ofishin Alhaji, ba wanda ya kira ni. Na gaya masa komai, har rariyar farko da ƙaryar da na yi masa. Na ce ba zan ƙara yarda Yaya ya matso kusa da asid ba, in kuwa za a bar shi a wurin to ni a sallame ni. Wannan shi ne abin da na yi, kuma ban ɓoye shi ba. Amma ku ji sauran, wanda ba a faɗa a gidan biki. Alhaji bai kore shi ba. Ya kira shi ya ce ya ba shi janareto da motocin masana'anta gaba ɗaya, shi ne shugaba a can, albashinsa yadda yake. Yaya ya tambaya wa ya ce a ɗauke shi daga famfo. Kafin Alhaji ya amsa, na ce ni ne. Ya ajiye safar hannu da tabarau a kan tebur, ya ce shi ba ya cin abinci a inda ƙanensa ke zaɓa masa wurin zama. Ko kayansa da ke ɗakinmu bai tsaya ɗauka ba, sai daga baya na aika masa da su.

Labari ya riga ni isa Argungu, kuma ya isa babu asid a cikinsa. Abin da aka ji kawai Sani ya kira wansa gatsal, ya tura shi cikin kwata, ya kai ƙararsa wurin Bayarabe. Na kwance bandeji na nuna wa Inna hannuna. Ta duba, na ga idonta ya kawo ruwa, ta tofa mini addu'a. Na ɗauka ta gane. Sai ta ce:

"Allah shi ba ka lahiya. Amma ni da nih haihe shi ban taɓa kama suna nai ba. Ba ka iya cewa Yaya?"

"Inna, da nic ce Yaya, da bai waigo ba. Kullum Yaya nika cewa, bai taɓa waigowa ba."

Ta rasu bayan shekara huɗu tana roƙona in je in ba shi haƙuri, kuma na je, sau uku, har da dattawan unguwa. Na ba shi haƙurin suna, na ba shi haƙurin turawa. Ya ce saura in koma gaban Alhaji da ma'aikata in ce famfon ne ba shi da kyau, ba shi ne ya yi kuskure ba. Wannan kam na ƙi, kuma har gobe ina ƙi, don akwai masu aiki a gaban famfon nan da za su ji su ɗauka gaskiya ne. Da aka haifi ɗan'uwanku Bashir bai zo suna ba. Ya sake kafa rumfarsa a bakin fadama, manoma suka dawo masa, don har yau babu kamarsa a injin ban ruwa. Ni na ƙarasa shekaruna a masana'anta, famfon ya yi ta aiki, ban ƙara ganin asid a ƙasa ba.

Kada wani cikinku ya ɗauki wannan ya je ya yi wa 'ya'yan Baffa gori. Abin da aka gaya musu suke faɗa. Ku gaishe shi in kun je, ku durƙusa har ƙasa, ubanku ne. In sun ce na raba shi da aikin famfo, ku ce haka ne.

Da Sallar da ta wuce na sake gwadawa. Na sauka a tasha na taka zuwa fadama da ƙafa. Tun daga nesa na hango shi a rumfa, tsoho tukuf ya haura saba'in, ya ɗaga wata 'yar allurar kafireto a rana yana duba raminta, babu ko tabarau. Ina daga can bakin hanya, inda ni ban isa in gane fuskar mutum ba, ya ɗago ya gane ni sarai. Ya ajiye allurar, ya juya kujerarsa ya ba ni baya. Na daɗe a tsaye haushi yana cina, ina jin kamar in yi masa ihu karo na biyu. Sai na yi hamdala na juya tasha, don da idanunsa biyu ya gan ni.